Na Je Ɗauko Ɗana, Na Kwana A Bakin Teku

Tun ina ɗan shekara goma sha tara nake bin hanya. Albasa daga Garwa da Marwa, wake da gyaɗa daga kasuwannin ƙauye, in loda a kamiyo ko a jirgin ƙasa in gangara kudu, in dawo da manja da goro da duk abin da Allah ya hore. Unguwar Birketiri ta Yawunde na san ta kamar yunwar cikina. Duwala kuwa ban san adadin zuwana ba, har Kiye-Osi na sha kai kaya, can bakin iyakar Gabon da Ikwatoriyal Gini. Amma da za ka zaunar da ni ka ce in faɗa maka abin da na gani a shekara talatin da biyar ɗin nan, ba zai wuce tasha da sikeli da masallaci da ɗakin kwana ba. Farke ba ya kallon gari, farashi yake kallo. Sau biyu na je Kiribi sarin bandar kifi, teku na bayana ina jin rurinsa, ban taɓa zuwa na tsoma ko ɗan yatsa ba. Me zan sayo a can?

Abin da ya kai ni a karo na uku ba ciniki ba ne. Ɗana ne. Ba zan kama sunansa ba, ɗan fari ne, kun san al'ada. Ya yi karatun ilimin halittu a jami'ar Ngawundere da ke Dang, ni kuwa ina biyan kuɗin ne da niyyar in ya gama ya zo ya riƙe mini littafin shago, don gwiwata ta fara gardama kuma ƙannensa uku duk mata ne, na huɗun bai gama firamare ba. Da ya kammala sai ya ce zai je kudu koyon aiki na wata uku. Wata uku ya zama shekara biyu. Wai yana wani ƙauye da ake kira Eboje, kudu da Kiribi, tare da masu gadin kunkurun teku. Uwarsa kullum sai ta yi hawaye in an gama waya. A majalisa kuma, da na zauna sai wani ya ce, "Alhaji, ina labarin makiyayin kunkuru?" a kwashe da dariya. Ni ma in yi, amma ta ciki na ciki. Ran nan a watan Nuwamban bara na rufe shago da la'asar, na ce wa maiɗakina ta haɗa mini jaka, ba zan dawo ba sai da shi.

Jirgin dare na hau, wanda ke tashi daga Ngawundere da yamma ya wayi gari a Yawunde, tafiyar kilomita ɗari shida da ɗoriya a kan layin da ya iso garinmu a 1974, ina ɗan yaro ana kai mu kallo. Daga Yawunde mota zuwa Edeya, a karkata kudu zuwa Kiribi. Na kwana wurin wani abokin ciniki, da safe ɗan moto ya ɗauke ni. Mun wuce inda kogin Lobe ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, ya ce in sauka in gani, na ce ba kallo ya kawo ni ba. Har wajen sabuwar tashar jiragen ruwa da ta fara aiki a 2018 hanya sumul take. Daga nan sai jar ƙasa da ramuka cike da ruwa, sau uku muna sauka muna tura moto. Kilomita hamsin ne kacal daga Kiribi zuwa Eboje, amma sai bayan azahar muka shiga.

Ƙauye ne na masunta, ƙabilar Iyasa, gidaje a jere tsakanin hanya da ruwa, kwale-kwale a kife ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Na same shi yana wanke wasu bokitai. Ya rame, ya yi baƙi, ga gajeren wando. Da ya gan ni sai ya saki bokiti ya zo ya durƙusa a cikin rairayi, muka gaisa, ya tambayi mamarsa da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya. Ban jira an kawo ruwa ba na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ce:

"Baba, na ji. Amma yau da dare ni ke da aiki a wani gaɓa can kudu, babu mai karɓata. Ku zo mu tafi tare ku gani. In gari ya waye kuka ce in bi ku, wallahi zan bi ku."

Na ce nawa ne nisan? Ya ce bai kai kilomita takwas ba. Na yi dariya. Ni da na taɓa bin shanu a ƙafa daga Tibati ina saurayi, kilomita takwas ce za ta ba ni tsoro? Ya kawo mini dogon takalmin roba irin na masu aikin gona, na ce ya ajiye kayansa, takalmina na fata sau ciki da na saya a Garwa ya ishe ni. Ku riƙe wannan maganar.

Mu huɗu muka tashi. Akwai wani dattijo masunci da adda a hannu, shi ne jagora, da wani matashi mai ɗauke da tanti, sai ɗana da jakar kayan aikinsa, sai ni da butata da dardumata da lalitar kuɗi ɗaure a ƙugu, don ban yarda in bar ta a ɗakin da ba shi da kwaɗo ba. Na tambaya me ya sa ba za mu bi bakin ruwa ba, ga shi a shimfiɗe. Dattijon ya nuna mini da hannu: teku ya cika, ya rufe duwatsun da ake ratsawa, ga kuma bakin wani rafi da ruwan sama ya kumbura. Sai ta cikin kurmi.

Mu mutanen Ngawundere muna taƙama da ruwan sama, wata bakwai ana yi, har mukan yi wa 'yan Marwa gori. To abin da ke sauka a gaɓar nan ya kusa ninka namu, kuma Nuwamba ƙarshen babbar daminarsu ce. Taku ashirin da barin hanya rana ta ɓace. Ba gajimare ba ne, ganye ne, hawa bisa hawa, har ka ɗaga kai hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshen itace ba. Iska ba ta motsi. Gumi ya jiƙa ni sharkaf tun ban yi komai ba. Ga wani wari kamar na tsohon rumbun da ruwa ya shiga. Abin da ya fi damuna shi ne rashin hange. Ɗan arewa ya saba ya ga mai zuwa tun yana ɗigo a nesa. A nan kuwa wanda ke gabanka in ya yi taku biyar ya sha kwana, ka rasa shi, sai ƙarar addarsa.

Sai laka. Na san taɓon hanyar Tinyer da damina, na san caɓin kasuwar shanu, amma wannan wata aba ce daban. Wani wuri ja ce mai santsi kamar an zuba kuɓewa, wani wuri baƙa ce mai kama ƙafa ta riƙe kamar mai bin bashi. A ƙarƙashinta kuma saiwoyi ne a kwance, in ka taka daidai su ɗauke ka, in ka taka gefe su kayar da kai. Dattijon nan, wanda na tabbata ya girme ni, tafiya yake kamar a kan siminti. Na lura ba ya taka tsakiyar hanya inda ruwa ya kwanta, gefe yake bi, daga saiwa zuwa saiwa, kuma ba ya kama reshe sai ya dube shi. Ni na kama ɗaya ban duba ba, ashe ƙaya ce jere a jikinsa kamar haƙoran zarto. Har yau tabon na tafin hannuna.

Ba mu yi awa guda ba na faɗi sau biyu. A na uku ne ƙafar dama ta nutse har gwiwa. Na ja, ta ƙi. Ɗana da matashin suka kama ni ta hammata suka fizgo, ƙafa ta fito, takalmi bai fito ba. Matashin ya zura hannu har kafaɗa yana lalube, ramin ya rufe bakinsa. Sefa dubu goma sha takwas, ko wata biyu bai yi a ƙafata ba. Ɗana ya fara cire nasa zai ba ni, na daka masa tsawa. Girman kai ne kawai, na sani. Haka na ci gaba, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa.

Da dai a nan abin ya tsaya. Can gaba na tsaya in huta, na jingina da wani kututture, sai na ji dattijon yana ihu da Faransanci wai in gudu. Kafin in gane, kwarkwasa ta hau ni. Layinsu na tsaya a kai, baƙi wuluk, faɗinsa ya kai tafin hannu, ya ratsa hanya ya shige daji. Ba su cije ni ba sai da suka hau suka rarrabu, sannan suka kama gaba ɗaya kamar an ba su umarni. Jama'a, ni Alhaji, mai shekara hamsin da huɗu, mai 'ya'ya biyar, na tuɓe wando a tsakiyar kurmi ina tsalle, ɗan cikina yana tsince mini su a cinya ɗaya bayan ɗaya. Matashin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Yaron nan ko murmushi bai yi ba, Allah ya yi masa albarka. Sai da muka yi nisa na ji ni da kaina dariya ta ƙwace mini, sannan kowa ya saki tasa.

Daga nan na daina gardama. Ya ce in ba shi butar da dardumar, na ba shi. Ya sare mini sanda, na karɓa. Da muka zo wani rafi da aka gitta wa gungume ɗaya mai gansakuka, ya wuce gaba ya juyo yana tafiya da baya, ya miƙo mini hannu biyu, yana cewa, "Kada ku kalli ruwa, Baba, ku kalle ni." Ni na koya masa tsallaka kwalbati a Sabongari da irin wannan maganar, yana ɗan shekara uku. Ban san ko ya tuna ba, ban kuma tambaya ba.

Da numfashina ya dawo sai na fara ganin abin da ke kewaye da ni. Dattijon ya sare wata igiyar daji mai kauri, ya ɗaga, ruwa garai-garai ya zubo, muka sha. Birai suka wuce ta sama ba mu ga ko ɗaya sosai ba, sai rassa na kaɗawa. Sai wasu tsuntsaye suka taso da kururuwa, toka-toka masu jan wutsiya. Aku ne. Duk rayuwata a keji na san aku, a zauren masu kuɗi, yana kwaikwayon sallama. Ban taɓa kawo wa raina cewa yana da garinsu ba, yana tashi cikin 'yan uwansa. Ɗana ya ce saboda yawan kama su, tun 2016 ƙasashen duniya suka yanke shawarar hana cinikin na daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Na faɗa ne don 'yan uwa masu ɗaukar saƙo a hanya, kada wani ya ba ka kwali mai huji ka karɓa ba ka duba ba. Ya kuma ce dajin nan yana haɗe da babban gandun Kampo-Ma'an da gwamnati ta keɓe a shekarar 2000, inda giwaye da goggon biri suke, kuma keɓewar tana da nasaba da bututun man Cadi, wanda ya taso daga Doba ya ratsa Adamawa tamu ya faɗa teku a Kiribi. Wato bututun da na sha tsallakawa a mota, nan ne ƙarshensa.

Wajen awa uku da rabi muna tafiya sai na ji ƙugi. Na ɗauka kamiyo ne ke hawan tudu da kaya, har na ce ashe akwai hanyar mota kusa kuka wahalar da ni. Ƙugin bai wuce ba, bai kuma canja giya ba. Laka ta koma rairayi a ƙarƙashin ƙafata, haske ya fara ratsowa, dattijon ya sare wasu ganyaye, muka fito.

Ban iya cewa komai ba. Rairayi ne fari-fari ya miƙe hagu da dama, babu gida, babu hayaƙi, babu sawun mutum. Itatuwa sun sunkuyo har suna taɓa ƙasa. A gaba kuwa ruwa ne har inda ido ya ƙare, rana na shirin faɗawa cikinsa ja jawur. Na san Binuwai a Garwa in ta cika, na san madatsar Lagdo, amma duk waɗannan suna da wancan ƙetare. Na zauna daɓas a ƙasa ina tasbihi. Yaron ya zauna kusa da ni, ya ce, "Baba, kun san ruwan Vina da muke zuwa wanki a bayan gari? Yana faɗawa Jerem, Jerem ta zama Sanaga, Sanaga ta zubo cikin wannan. Har da ruwan gidanmu a nan." Na ce masa ya rufe mini baki in huta.

Da na tashi zagawa sai na ga wurin ba kamar yadda na hango shi ba ne. Can sama inda igiyar ruwa ke tsayawa, shara ce jere kamar an ja layi: robar ruwa, murafai, guntun koma, buroshin haƙori, leda. Ba mai zama a nan, teku ne ke kawowa daga garuruwa da jirage ya ajiye. A cikin sharar na tsinci silifas shuɗi, na ƙafar dama, daidai ni. Na wanke na saka. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kurmi ya karɓa teku ya biya.

Ledar ce ba ta ba ni dariya ba. Ɗana ya ɗaga wata fara ya jiƙa ta a ruwa ya nuna mini yadda take lilo. Ya ce mafi girman kunkurun teku, wanda bayansa ba ƙoƙo ba ne, kamar fata yake, nauyinsa kan kai na bijimi, abincinsa wata halitta ce mai yauƙi da ke yawo a ruwa, kuma leda a ruwa kamarta ɗaya da ita. Ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Bai ce komai a kaina ba. Ba sai ya ce ba. Tun 2014 aka hana siririyar leda a Kamaru, kuma ni da ku mun san abin da ke ƙarƙashin teburin kowane shago, har da nawa.

Suka kafa tanti can sama da layin sharar, don nan ne iyakar ruwa in ya cika. Magariba ta yi. Ruwan butata ya ƙare a wankin ciwo, na tsaya ina waige-waige, sai na ga yaron ya nufi teku ya tsuguna yana alwala. Haka ne, malamai sun ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, na sha ji a karatu, ban taɓa zaton zan yi aiki da shi ba. Gishirin ya shiga tsagar hannuna kamar wuta. Muka ba teku baya, muka fuskanci kurmi, na ja mu salla. A gaskiya ɗaya daga cikin abubuwan da suka hana ni barci shekara biyu shi ne ko yaron nan ya saki salla a inda babu ladan. Da na ji amin ɗinsa a bayana, kuma na ga yadda abokan tafiyarmu, waɗanda ba Musulmi ba, suka yi shiru suka koma gefe ba tare da an ce musu komai ba, na gane sun saba ganin haka.

Muka ci abinci. Na fito da kilishin Ngawundere da uwarsa ta ƙunso masa, su kuma suka kawo bobolo, wato rogon da ake naɗewa a ganye, da kifin da dattijon ya gasa. Na dafa shayi, na fasa goro. Ƙananan ƙudajen rairayi da suke kira mutmut suka far mana, ba ka ganinsu sai dai ka ji ƙaiƙayi. A bakin wutar ne dattijon ya ba ni labari da Faransancinsa na masunta, ni ina amsawa da nawa na kasuwa. Ya ce shi da ƙwan kunkuru aka yaye shi, naman kuma ba a biki sai da shi. Da aka fara maganar kare su a ƙauyen, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, yana cikin masu zagi. Abin da ya juya shi lissafi ne: in kunkuru ya faɗa komarka ya yaga, ka kawo shi da rai, baƙo mai yawon buɗe ido ya biya kuɗin sakinsa, a gyara maka koma. Wanda ka yanka sau ɗaya za ka ci, wanda ka saki yana kawo baƙi su kwana a ƙauye su sayi kifi. Wannan maganar na gane ta sarai, maganar 'yan kasuwa ce. Ya ƙara da cewa ba kullum baƙin ke zuwa ba, kuma manyan jiragen kamun kifi da muke hango fitilunsu can cikin duhu suna kashe abin da ƙauye guda ba zai kashe a shekara ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya suka fita sintiri, na bi su, ba mu ga komai ba sai ƙaguwa. Na koma tanti, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, na kwanta a jiƙe ina tsine wa taurin kaina. Wajen ƙarfe biyu na ji ana taɓa ƙafata. "Baba, ku taso a hankali. Kada ku kunna tocila."

Ruwan ya ɗauke, wata ya fito rabi. Ya nuna mini wani sawu da ya fito daga teku ya haura rairayi, kamar an gungura tayar moto. Muka bi shi da rarrafe. Ga ta nan. Ba babbar ba ce, irin ƙaramar ce, amma ta fi duk wata kififiya da na taɓa gani a Binuwai, faɗin bayanta kamar babban faranti na taron suna. Ta riga ta share wuri, tana haƙa da ƙafafun baya, ta zura ɗaya ta ɗebo rairayi kamar da ludayi ta watsar, ta zura ɗayar. Ba ta ganin ramin da take haƙawa, amma ya fito daidai kamar tulu. Yaron ya raɗa mini cewa in aka haska ta da farin haske kafin ta fara, komawa za ta yi. Sai da ƙwai ya fara zubowa sannan ya kunna wata 'yar fitila ja.

Bibbiyu, uku-uku suke faɗowa, farare, masu laushi, ba su fashewa. Tana nishi kamar mutum. Hawaye na bin idonta, na ce a raina ciwon haihuwa ne, ya ce a'a, gishirin jikinta take fitarwa. Na ƙi yarda da shi, har yanzu ban gama yarda ba. Matashin na ƙirgawa, ɗana ya auna bayanta da awo irin na tela, ya duba hannunta, ya maƙala mata wata 'yar lamba ta ƙarfe, ya rubuta a littafi cikin leda. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Ƙwai 112. Ta mayar da rairayi, ta dinga ɗaga jiki tana bugawa, dim, dim, kamar mai daɓe, ta watsa ƙasa ko'ina don ɓatar da wurin, sannan ta ja jiki ta koma. Igiya ta farko ta wanke ta, ta biyu ta ɗauke ta. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Da yake ramin ya yi kusa da ruwa, kuma karnuka da mutane kan tone, suka kwashe ƙwan a bokiti da rairayinsa don a kai wani shinge a ƙauye a sake binnewa. Ina riƙe masa fitila yana yi mini bayani: kwana hamsin da wani abu su ƙyanƙyashe, zafin rairayi ne ke sa su zama mata ko maza, kuma masana na ƙiyasin cikin dubu da ƙyar ɗaya ke girma. Wadda ta girma, bayan shekara goma sha wani abu tana yawon teku, yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komowa ta yi nata ƙwan.

Na ce, "Ɗaya cikin dubu? Wane ɗan kasuwa ne zai zuba jari a wannan?"

Ya ce, "Babu, Baba. Shi ya sa ba kowa a nan sai mu."

Na tambaye shi nawa ake ba shi. Ya faɗa. Yaron shagona ya fi shi samu. Na ce wa zai ba ka 'yarsa da wannan? Ya ce yana rubuta takardun neman ci gaba da karatu, kuma tun da gwamnati ta mai da ruwan yankin nan gandun teku a 2021 ana sa ran za a buƙaci masu irin iliminsa. Sa rai, in ji shi. Na san sa rai, na sha ajiye albasa ina jiran farashi ta ruɓe a hannuna. Na faɗa masa haka, bai musa ba.

Ban koma barci ba. Na zauna bakin tanti ina jan carbi, sai mahaifina ya faɗo mini a rai. Daga ƙasar Kano ya taso da kanwa da baƙin yadi tun kafin Kamaru ta samu 'yancin kai a 1960, wai zai yi fatauci ɗaya ya koma. Ya biyo ta Yola da Garwa ya hau tudun Ngawundere, ya ga sanyi da nono, ya zauna. Sau biyu kakana yana aiko ƙaninsa ya taho da shi, sau biyu ƙanin na komawa shi kaɗai da goron ban haƙuri. Muna yara mukan ji labarin muna alfahari, ban taɓa tsayawa na tuna da tsohon da ke can zaure yana jira ba sai a daren nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ban faɗa wa yaron wannan ba, don kada ya samu abin kafa hujja.

Bayan asuba ya naɗe tanti, ya ɗaure jakarsa, ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Baba, na shirya. In mun isa ƙauye zan miƙa musu littafin." Idonsa ja, amma muryarsa ba ta karye ba. Na daɗe ina kallon bokitin ƙwan. Na ce wa zai kula da waɗannan? Ya ce akwai masu yi. Na ce a'a, wanda ya fara awo shi ke ƙarasa shi, ban haifi mai barin kaya a tsakiyar hanya ba. Ka zauna har lokacin ƙwan ya wuce, ka zo gida da ƙaramar salla, mu zauna da kawunanka a yi magana. Ban ce na yarda ba, ban ce na haƙura ba. Ya ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma."

Da za mu koma teku ya janye, muka bi bakin ruwa a kan rairayi mai tauri, rafin jiya bai wuce ƙauri ba. Awa biyu muka yi. Duk wanda zai je, ya tambayi lokacin janyewar ruwa kafin ya tambayi nisa, ya jira Disamba ko Janairu in ƙasa ta sha iska, ya riƙe katin shaidarsa don iyaka na kusa, kuma in an miƙo masa takalmin roba ya karɓa.

Da na iso gida maiɗakina ta leƙa bayana ta ga ba kowa, ta shige ɗaki, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. A majalisa aka ce ina makiyayin? Na ce yana kiwo. A Janairu ya turo hoton bidiyo ta WhatsApp: wasu 'yan mitsi-mitsi baƙaƙe suna rige-rigen shiga ruwa, ya rubuta cewa 87 ne suka fita daga cikin namu. Uwarsa ta kalla sau uku, ta ce a tambaye shi ko yana cin abinci.

Shago dai har yanzu ɗan ƙanwata ne a kai, kuma lissafinsa bai taɓa daidaita da nawa ba. Silifas ɗin yana nan bayan sikeli. Makon jiya na ba wani direba da ke zuwa Kiribi saƙon kilishi da takalman roba ƙafa biyu, ɗaya nasa, ɗaya na dattijon.